Nakasassu ko masu buƙata ta musamman? Fashin baƙi kan kalmomin da ke jawo wa yaranmu asara a makaranta

Wai shin "nakasassu" za a ce, ko "masu buƙata ta musamman", ko kuwa "masu lalura"? Duk shekara in 3 ga Disamba ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin su, sai wannan musun ya taso a rediyo da Facebook, wani ya ce an zage shi, wani ya ce ai sunan kenan tun kaka da kakanni, a yi ta ja-in-ja har rana ta faɗi kowa ya kama gabansa. Musun yana da amfaninsa. Amma ni abin da ya daɗe yana cin raina shi ne akwai wasu kalmomin can gefe, waɗanda su ne ke cikin doka da fom ɗin jarrabawa da takardun makaranta, su kuma ba mai musu a kansu don yawancinmu ba mu ma san da zamansu ba. In an zo fassara su sai a zuba su duka a kwando ɗaya a ce taimako, ko tallafi, ko alfarma.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Akwai wani maƙwabcina, dattijon kirki mai sayar da hatsi, 'yarsa zabiya ce, kuma kamar yawancin zabaya ganinta ba shi da ƙarfi, in za ta yi karatu sai ta kusa manna littafin a hancinta. Yarinya mai ƙoƙari wallahi. Da lokacin wata babbar jarrabawa ya zo ya ɗauke ta suka je kafe a cike mata fom, yaron da ke kan kwamfuta ya kai wani layi ya ɗago ya ce, "Baba, tana buƙatar akomodeshan?" Shi kuma ya ce, "A'a ɗana, ai ba nisa, a gida za ta riƙa kwana." Yaro ya danna babu ya wuce. Shi ma yaron ɗakin kwana ya fahimta, don duk wanda ya taɓa shiga jami'a a ƙasar nan in ka ce masa akomodeshan hostel zai kawo a ransa. Ranar jarrabawa aka miƙa mata takarda mai ƙananan rubutu irin na kowa, lokaci irin na kowa, ta fito da tambayoyi kusan kashi ɗaya cikin uku ko karanta su ba ta kai ga yi ba.

Mu fara sallamar rigimar sunan

Su masu ƙin kalmar "nakasasshe" suna da hujja, kuma hujjar a cikin Hausar kanta take. Ka saurari ginin kalmar: fasasshe, lalatacce, karyayye, nakasasshe. Siga ce ta abin da aikin ya gama da shi gaba ɗaya, ba saura. Shi ya sa ka ji suna cewa babu nakasasshe sai kasasshe. Amma in ka ce "mai nakasa" ko "mai lalurar gani", mutumin na nan a tsaye, lalurar wani abu ce da yake ɗauke da ita kamar yadda ake cewa mai gemu ko mai tabarau. Turawa sun sha wahala kafin su ƙirƙiro salon ambaton mutum kafin lalurarsa, mu kuwa wannan ɗan "mai" ɗin ya gama mana aikin tun tuni.

"Buƙata ta musamman" ita kuma baƙuwa ce. Daga Ingila ta taso, wani rahoto na 1978 da kwamitin Mary Warnock ya fitar kan ilimin yara shi ya yaɗa ta, da nufin a daina liƙa wa yaro lakabin ciwonsa a koma duba abin da yake buƙata kafin ya koya. Niyya mai kyau. Sai dai yanzu da yawa daga cikin masu fafutuka su da kansu sun juya mata baya, suna cewa shiga aji da shiga bayi da karanta takardar jarrabawa ai buƙatun kowa ne, meye na musamman a ciki? Kuma kalmar ta yi faɗi da yawa, mai ciki ma tana da buƙata ta musamman, tsoho ma haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙinsu da dokar Najeriya ta 2018 duk "mutane masu nakasa" suka ce, kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, JONAPWD, da wannan sunan take amsawa.

Makaho, kurma, gurgu, kuturu fa? Nan sai an bi a hankali. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a masarautu, kuma ba wanda ya ɗauki sarautar a matsayin zagi. Na san makafi da in ka ce musu "mai lalurar gani" dariya za su yi maka su ce Malam faɗi abin da kake son faɗa. Na kuma san waɗanda ba sa so. Abin da ke ɓata kalmar galibi shi ne yadda aka jefa ta, a bar sunan mutum na yanka a riƙa kiransa "kai gurgu". Ni dai ƙa'idata a nan gajeriya ce, ka tambayi mutum yadda yake so a ambace shi. Guda ɗaya ce nake ganin kuskure ne tsantsa, kiran kowane kurma bebe. Kurma kunnensa ne ba ya ji, da yawansu muryarsu lafiya lau, kuma wanda ma ba ya magana da baki yana da harshensa na hannu.

Inda Hausarmu ta fi rauni shi ne lalurorin da ido ba ya gani. Kalma ɗaya, galahanga, za ka ji an kira yaro mai otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, da ita, an kira mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta masa koyo, da ita, an kira wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa jikinsa ya sassanƙare da ita, alhali abubuwa uku ne mabambanta kuma abin da kowannensu ke buƙata a aji daban ne. Shi na ukun sau da yawa basirarsa garau take, hannun ne kawai ba ya riƙe biro. Yaron da haruffa ke cakuɗe masa in ya zo karatu kuwa, abin da likitoci ke kira disleksiya, shi ko sunan ma bai samu ba, daƙiƙi kawai ake ce masa a bi shi da bulala.

Lalura daban, nakasa daban

A da tunanin shi ne matsalar a jikin mutum take, don haka ko a warkar da shi ko a tausaya masa a ba shi sadaka. A shekarun 1970 wasu masu nakasa a Birtaniya suka ce a'a a raba abu biyu. Akwai abin da ya samu jiki, misali shan inna ta shanye ƙafa, wannan lalura ce. Sannan akwai matakala bakwai da aka gina a ƙofar ɗakin karatu, wannan shinge ne, mutum ne ya zana shi, mutum ya biya kuɗin siminti. Nakasa tana fitowa ne a inda lalurar ta yi karo da shingen. Ɗalibi mai keke a ajin da ke ƙasa mai faɗin ƙofa ɗalibi ne kamar kowa, ka mai da lakcar hawa na biyu ba lif, ka nakasa shi a ranar. Yarjejeniyar 2006 a kan wannan fahimtar aka gina ta, Najeriya ta sa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tasiri, kusan mutum ɗaya cikin shida kenan, ka ga ba maganar 'yan tsiraru ake yi ba.

Kalmomi biyu da ake cuɗawa

To nan ne gundarin zancen. Akwai abin da takardu ke kira aksesibiliti, akwai kuma akomodeshan ɗin nan da ya kayar da maƙwabcina.

Na farkon ni ina kiransa buɗe hanya tun kafin a zo. Ba a jiran sai wani ya nema. Kana gina makaranta ka sa gangaren keke, abin da magina ke kira ramp, ka faɗaɗa ƙofa, ka yi bayi mai maƙalar hannu, kana yin shafin intanet na rajista ka yi shi yadda manhajar da ke karanta wa makaho allo za ta iya bi, ko da a yau ba ka da ɗalibi ko ɗaya mai wannan buƙatar. Na jama'a ne gaba ɗaya, kuma yana da ma'auni. Ma'aunin da aka fi sani na gangare shi ne ɗaya bisa goma sha biyu, wato duk tsawon santimita 1 da za a hau sai an ja shimfiɗa ta santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowacce, 45 kenan, gangarensu sai ya kai mita 5.4. Yanzu ka tuna irin wanda muke gani. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani ofis ina kallon nasu, tsawonsa bai fi taku biyu ba, a tsaye kamar tsani, an kuma lailaye shi da tayil mai santsi don kwalliya, a samansa an ajiye tukunyar fulawa, in ma ka yi sa'ar hawa sai ka tarar da dokin ƙofa mai tudu yana jiranka. Wani bawan Allah ya zo da kekensa ya dube shi ya dube ni, sai da mu uku muka ɗaga shi ta matakalar. A takarda wannan ginin yana da ramp.

Na biyun, akomodeshan, a wannan fagen ba ruwansa da wurin kwana. Ma'anarsa daidaita wa mutum guda abin da ya dace da shi. Kamar bambancin rigar kanti da ɗinkin tela ne, shi tela sai ya auna ka. Makafi biyu a aji ɗaya, ɗaya tun yana ƙarami ya koyi Braille, rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, ɗayan kuma yana aji biyar na sakandare ido ya tafi bai taɓa taɓa ɗigon ba, in ka miƙa musu takardar Braille su biyu ka taimaki ɗaya ka kashe ɗaya. Na biyun mai karanta masa yake so, ko kwamfuta mai magana. Shi ya sa shi wannan sai an nema, sai an zauna da mai abin an ji ta bakinsa.

Yarjejeniyar ta liƙa masa wata kalma, ta ce daidaitawa "mai ma'ana", wato wadda ba za ta ɗora wa makaranta nauyin da ya wuce kima ba. Wannan ƙofa ce da shugabannin makarantu ke son fita ta cikinta, ba kuɗi, ba kuɗi. Gaskiya ne wani abin yana da tsada, makarantar firamare ta ƙauye ba za ta iya sa lif ba. Amma sauko da ajin ƙasa nawa ne? Zaunar da zabiya a layin gaba nesa da hasken taga, a bar ta ta sa hula da riga mai dogon hannu ko da yunifom bai ce haka ba, nawa ne? Buga takarda ɗaya da manyan haruffa kuɗin fotokwafi ne. Kuma abin da mutane ba su sani ba, sashe na 2 na yarjejeniyar ya faɗa ƙarara cewa hana mutum irin wannan daidaitawar shi kansa nuna wariya ne. Ka ga kenan fassara shi da "alfarma" ta juya maganar baibai. Alfarma mai yi yana da zaɓi, in ya yi a gode in bai yi ba ba laifi.

Akwai ta uku da ake yawan ji a taruka, tsarin da ya game kowa, wanda wani masanin zanen gini Ba'amurke mai amfani da keke, Ronald Mace, ya yi wa suna. Shi cewa ya yi a yi abu ɗaya da zai yi wa kowa aiki tun asali. Gangaren da aka yi don mai keke shi mai turin baro zai bi, shi tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta bi.

Shin ƙarin lokaci ba cutar sauran yara ba ne?

Wannan tambayar na sha jin ta a ɗakin malamai, kuma ba daga mugaye ba. Malami zai ce ni adalci na sani, awa biyu ga kowa. Amsar tana cikin wani bambancin da shi ma ba mu da kalmominsa, tsakanin canza hanyar da za a bi da canza abin da ake aunawa.

Misalin da ya fi zauna mini daga fiƙihu yake, kowa ya san shi. Wanda ba zai iya tsayuwa ba an ce ya yi salla a zaune, in ba zai iya ba ya yi a kishingiɗe, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Azahar ɗinsa raka'a huɗu ce ba ta ragu ba, siffar yin ta ce ta sauya. Matafiyi kuwa da ya yi ƙasaru, adadin ne da kansa ya koma biyu. Misali kawai nake bugawa ba fatawa ba, amma ka riƙe hoton. Ƙarin lokaci, manyan haruffa, Braille, mai karantawa, mai rubuta wa wanda hannunsa ba ya aiki, tafintan kurame, ɗaki mara hayaniya, hutu a tsakiyar jarrabawa ga mai sikila ko mai farfaɗiya, duk waɗannan sallar zaune ce. Tambayoyin su ne dai, makin cin jarrabawar shi ne dai. In kuwa aka ce yaro mai jinkirin fahimta a ba shi tambaya goma maimakon arba'in, ko a koya masa lissafin aji biyu yana aji biyar, nan an taɓa manhajar karatun kanta. Shi ma yana da wurinsa kuma wasu yaran shi ya dace da su, amma dole iyaye su san wanne aka yi wa ɗansu, don na biyun yana iya shafar irin takardar shaidar da zai fita da ita.

Me ya sa lokacin? Saboda yatsa ba ya gudun ido. Mai ido yana iya wurga kallo ya ga shafi gaba ɗaya, ya tsallaka tambaya ta biyar ya dawo ta biyu, mai Braille kuwa harafi bayan harafi yake bi. Wanda ake karanta wa sai ya ce maimaita mini zaɓi na uku. Jarrabawar kimiyya ilimin kimiyya take son aunawa, in ka bar lokacin yadda yake ka koma auna saurin ido. A Ingila abin da aka fi bayarwa shi ne ƙarin kashi 25 cikin ɗari, a ƙara sama da haka in lalurar ta yi tsanani. A nan gida WAEC tana ƙara lokaci tana kuma buga takardun Braille da na manyan haruffa ga wanda aka yi wa rajista a haka. JAMB kuma tun 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na daban, Kano na cikinsu. Abin nufi tanadin yana nan, amma duk ya rataya ne a kan wancan layin na fom.

Masu ƙorafi suna da gaskiya ta fuska ɗaya, in ba tantancewa wasu za su shigo da lalurar ƙarya. Shi ya sa ake neman takardar likita. Sai dai a wurinmu matsalar ta fi karkata ɗaya ɓangaren, masu haƙƙin ne ba sa nema, wasu don rashin sani wasu don kunya, uba ba ya so a rubuta a takarda cewa 'yarsa tana da nakasa kar ya hana ta miji.

Aji ɗaya da kowa, ko makarantarsu daban?

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bibiyar yarjejeniyar ya fitar da bayani a 2016 ya raba abin gida huɗu. Akwai hanawa, yaro yana gida ko yana bara. Akwai warewa, makarantarsu daban. Akwai cusawa, a kawo yaro ajin kowa a ajiye shi a ce ya yi ta kansa. Sannan akwai damawa da kowa, abin da ake kira ilimin inkulusib, inda makarantar ce ke sauya salonta don yaron ya koya. Mu a Hausa na uku da na huɗu duk "haɗa su da sauran yara" muke cewa, shi ya sa makaranta za ta zaunar da kurma a bayan aji shekara shida malami yana magana yana fuskantar allo, kuma ta rubuta a rahoto cewa tana tafiya da kowa.

Tarihinmu da warewa ya fara. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato mishan suka buɗe ta a 1953. Kano tana da ta Tudun Maliki, Kaduna tana da tata, kuma a 1977 aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a Oyo don horar da malamansu, ga sassan ilimi na musamman a jami'o'i irin su Bayero da Jos. Sai taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994 ya juya akalar duniya zuwa ga makarantar unguwa ta karɓi kowa.

Masu goyon bayan wannan suna cewa makarantun musamman 'yan kaɗan ne kuma a birane suke, yaron ƙauye ba zai kai ba, kuma wanda ya tashi a ware zai sha wuyar shiga jama'a, su ma sauran yaran za su girma ba su taɓa zama benci ɗaya da makaho ba. Masu ja kuma suna cewa ajin da ke da yara ɗari da malami ɗaya, wanda mai ido da kunne ma da ƙyar yake tsira, ina zai iya da wannan? Kurame musamman da yawansu sun fi son makarantarsu, don a can ne kowa ke jin harshensu, a can suke hira suke faɗa suke wasa. Ni ra'ayina, damawa da kowa ita ce inda ya kamata a dosa, amma rufe ko yin watsi da makarantar musamman kafin a tanadi malami da kayan aiki a ta unguwa, jefa yaro ne a ruwa da sunan koya masa iyo.

Tafinta ma iri-iri ne

Wani abin da ke ba mutane mamaki, maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, ko a Kano ma ba ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantu jikar ta Amurka ce, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu ta gado, maganar hannu, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harsuna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta yi bincike a kanta a shekarun 1990. Saboda haka in asibiti ko kotu ko makaranta ta ce ta kawo tafinta, tambayar ita ce wanne yake yi, kuma shi kurman wanne ya iya?

Braille shi ma ba harshe ba ne, tsarin rubutu ne na ɗigo shida da Louis Braille Bafaranshe ya ƙirƙiro yana ɗan shekara 15, ana rubuta Turanci da shi, da Larabci, da Hausa, akwai Alƙur'ani cikakke da shi a mujalladai da dama. Yanzu kuma waya ta sauƙaƙa abubuwa, akwai manhajojin da ke karanta wa makaho allo, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA kyauta a kwamfuta. Amma malamin da ya ɗauki hoton handawut ya tura a guruf ɗin WhatsApp ya sani cewa ga ɗalibinsa makaho kamar ya tura farar takarda ne, rubutun da aka buga shi manhajar ke bi cikin sauƙi. Ya tura fayil ɗin asali kawai, ba ko sisi.

Me dokarmu ta ce?

Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa waccan dokar ta 2018 ta hana nuna wariya ga masu nakasa hannu a Janairun 2019. Ta ce mutum in ya nuna wariya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani ko hukuma naira miliyan 1. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, sai kowa ya leƙa makarantar unguwarsu ya ba kansa amsa. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Sashe na 17 ya ba su ilimi kyauta har sakandare, na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati daga firamare har jami'a ta kasance mai karɓar kowa, da aƙalla ƙwararren ma'aikaci guda da kayan aiki. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta bi wannan. Wasu jihohin ma sun riga tarayya, Filato tun 2005, Legas a 2011. Sai dai tunda firamare da sakandare galibi a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, abin da jiharka ta zartar kuma ta sa wa kuɗi shi ne zai taɓa ɗanka.

Wani gargaɗi ga masu kallon bidiyoyin Amurka, za ku ji ana ta IEP da 504. Na farkon rubutaccen shiri ne na karatun yaro guda da dokarsu ta tilasta, na biyun lambar sashe ce a wata dokarsu ta 1973. Kar ka shiga ofishin hedimasta a Funtuwa kana neman 504, ba dokarmu ba ce. Amma dabarar ta zama a rubuce, iyaye da malami su sa hannu, a riƙa dubawa duk zango, wannan ba wanda ya hana mu ara.

Abin da muka rubuta a shekara ta biyu

Da shekara ta zagayo maƙwabcin nawa ya turo a kira ni, ya ce, "Malam, wannan karon kai za ka raka ta, ni Turancin nan ya fi ƙarfina." Kafin mu je kafe sai da muka je asibitin ido aka auna ta aka ba mu takarda mai hatimi. Sannan muka rubuta wa makarantar wasiƙa tun ana saura watanni, don takardar manyan haruffa ba a ranar ake buga ta ba, tun wajen rajista ake ƙirga ta. Na hana a sa kalmar "a taimaka" ko sau ɗaya. Muka jera abin da take buƙata da sunansa, takardar tambayoyi da manyan haruffa, ƙarin lokaci gwargwadon ƙa'idar hukumar jarrabawar, kujera a gaba inda rana ba ta dukan takarda, da izinin shiga da gilashinta na ƙara girman rubutu. Muka yi kwafi biyu aka buga mana hatimin karɓa a ɗaya muka riƙe. A kafe kuma na tsaya a kan yaron har ya kai layin, ya ɗago zai yi tambayar na ce danna e, ka zaɓi raunin gani.

Ranar da ta fito daga takardar farko ta ce mini, "Kawu, yau har na koma na duba amsoshina." Uban yana zaune a kan buhun gero yana ta murna, ya ce gobe zai aika wa shugaban makarantar kwano biyar na wake, ai sun yi mana alfarma. Na buɗe baki zan fara bayani sai ga mai sayen dawa ya tsaya, ya miƙe ya ɗauki kwanon awo.